Wasiƙu Biyar a Ƙasan Durowar Baba

Ku matso, 'yan uwana, ku gyara zama. Yau ko gaisuwar kirki ba zan iya yi muku ba, alhali kun san ni da jan gaisuwa har sai baƙo ya manta abin da ya kawo shi. Shekarata ashirin da huɗu, amma a gidanmu Tsohuwa ake ce mini, don a hannun kakata na tashi, na kwashe bakinta kaf, har tsakin da take yi idan shayi ya huce. Baba ne kaɗai ba ya kirana haka. Shi Uwata yake cewa, tunda sunan mahaifiyarsa na ci.

Saura sati biyar aurena. A shagon buga katuna nake aiki, ni ke tsara rubutu a kwamfuta, ni ke yankawa, shi ya sa katin aurena ma da hannuna na buga shi: ruwan madara, da ɗan zanen ganye a kusurwa. Ranar Talata da yamma na baje su a tsakiyar falo. Umma na kan kujera da gilashi a kan hanci tana karanto sunayen dangi daga wani tsohon littafi, ni kuma ina rubutawa a bayan ambulan. Sai wayata ta yi ƙara.

Saƙo ne daga Dogo, ɗan Baffa, wato ɗan ƙanin Baba. Wata uku kacal ya ba ni a duniya, amma kullum rigimarmu ɗaya, wai sai na ce masa Yaya.

"Tsohuwa! Sunana ya fito a aikin kashe gobara. Asabar gwajin ƙarfi: gudun kilomita biyar, sannan a hau bene hawa shida da buhun yashi a kafaɗa. Ki tanadi baki, kin kusa cewa Yaya ko ba kya so."

Na karanta sau biyu. Biron ya zame mini ya ja layi a kan ambulan.

"Ke, lafiya? Kin ɓata ambulan," in ji Umma.

Na miƙa mata wayar. Ta karanta, ta cire gilashin, ta goge shi da gefen mayafinta, ta mayar. Gilashin nan ba abin da ya same shi.

"Allah ya ba shi sa'a," ta ce. "Ɗauko wani. Saura gidan Gwaggo Ƙarama."

"Umma, Asabar fa."

"Na iya karatu."

Bari in koma da ku baya kaɗan, don ku san abin da ya sa na tsorata da labarin da ya kamata in yi guɗa.

Baba kafinta ne. Wata huɗu da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, yana cikin ɗaga ƙofa. Ni na raka shi asibiti, ni na yi ta zarya da shi har aka haɗa mu da likitar zuciya, wata 'yar guntuwar mata mai rataya gilashi da igiya a wuya. Bayan hoto da gwajin jini ta zaunar da mu ta ce bangon zuciyar Baba ya yi kauri fiye da ƙima, kuma ba aiki ne ya jawo ba, ba abinci ba ne. Gado ne, a jini yake. Mai irin wannan zuciya yana iya shekara da shekaru garau, ranar da ya takura ta da gudu ko ɗaukar nauyi sai ta rikice masa lokaci guda.

Sai ta jawo farar takarda ta fara zana danginmu, maza akwati, mata da'ira.

"Akwai wanda ya rasu farat ɗaya, ba jinya?"

Baba ya ce mahaifinsa, a hanya, da kaya a ka. Ta cike akwatinsa da baƙi.

"Sai wa?"

Baba ya daɗe yana kallon yatsunsa. "Yayana. A filin ƙwallo. Yana da ashirin da shida."

Ta cike wannan ma. Ta ce duk ɗan da mai wannan abu ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba. Ni kaɗai Allah ya bar wa iyayena, don haka aka ɗebi jinina a ranar. Bayan sati uku sakamako ya fito: na ɗauko. Zuciyata dai har yanzu lafiya lau take, sai duba duk shekara, da kiyaye wahalar da jiki.

Ranar da muka karɓi sakamakon, likitar ta ba Baba wasiƙu biyar, ta Baffa, na gwaggonnina biyu, da na 'ya'yan marigayi yayansa su biyu. Ba sunan kowa a ciki. Abin da aka rubuta kawai, an sami wani a danginku da kaza, ku je a duba ku, kuma kafin a duba kada a yi aikin ƙarfi mai tsanani. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Muna fita ƙofar asibiti ya ce, "Bayan biki."

Dalilinsa kuwa matar Baffa ce, mahaifiyar Dogo. Baiwar Allah ba ta da mugunta ko ƙanƙani, amma bakinta ba ya da marfi, Umma kan ce mata Rediyo a ɓoye. Shagonta na kayan kicin yana manne da na mahaifiyar wanda zan aura, bango ɗaya ne tsakaninsu, tare suke cin abincin rana. Abin da ya shiga gidan Baffa da safe, kafin azahar ya isa kunnen surukata.

Na yarda da "bayan biki" ɗin nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Har daɗi na ji. Wanda zan aura ma ban gaya masa ba, kullum ina cewa gobe.

Malamin lissafi ne a makarantar sakandare. A wayata Lissafi na sa masa. Siriri ne, ba ya rabuwa da riga mai aljihu a ƙirji, aljihun kuma ba ya rabuwa da jan biro. Ko saƙon soyayya na tura masa sai ya gyara mini waƙafi. A yammacin Talatar nan ya zo karɓar kwalin katunan danginsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tambayar da ya saba.

"Yau kashi nawa cikin ɗari ake sona?"

Amsar da na saba ba shi ita ce ɗari da ɗaya, shi kuma ya ce wannan ba ya cikin lissafi, mu yi dariya. Ranar kuwa na tsaya ina kallon aljihunsa.

"Tsohuwa, ko na faɗi jarrabawa ne?"

"Ɗari da ɗaya," na ce.

"An makara da amsa, an rage maki biyu." Ya saɓa kwalin a hammata ya tafi yana waiwayena.

Laraba ban tsinana komai a wurin aiki ba. Katin sunan jaririn wasu na yanke a karkace har guda arba'in, mai shago ya ce in tafi gida in huta, amarci ya fara taɓa ni. Na dawo na tarar Umma ta tafi wurin tela, Baba kuma ya fita sayen katako. Na lallaɓa na shige ɗakinsa.

Akwai wani hali na Baba da ba kowa ya sani ba. Duk durowar da ya ƙera wa kansa sai ya yi mata ciki biyu. Ka jawo, ka ga ƙasa kamar kowace ƙasa, amma idan ka danna kusurwar hagu ta can ciki, sai katakon ya ɗago. Ina 'yar shekara biyar ya nuna mini, a nan yake ɓoye mini alewa don kada Umma ta gani. Shi ya manta ya taɓa nuna mini. Ni kuwa yaro ya manta inda alewa take?

Na kwashe su fensir da tsofaffin maɓallai, na danna. Ga wasiƙun nan su biyar, an ɗaure da zaren roba, ko lanƙwasa ba su yi ba. Girmansu ɗaya da ambulan ɗin katina, kamar an auna. Na ce a raina, in zura ɗaya a bayan katin gidan Baffa, wa zai ce ni ce?

"Uwata."

Wallahi ban ji shigowarsa ba. Yana tsaye da garin katako a gira, fensir a bayan kunne.

"Baba, Dogo zai yi gudu ranar Asabar. Da buhun yashi."

"Na ji. Ubansa ya kira ni."

"To me ka ce masa?"

"Na ce Allah ya sa albarka." Ya miƙo hannu. "Kawo."

Ban ba shi ba, ban kuma hana ba. Na tsaya riƙe da su.

"Yaron nan ƙato ne," ya ce. "Kin taɓa jin ko ciwon kai ya yi? Rabi da rabi aka ce. Uban nasa ma ba a san ko yana da shi ba."

"Yayanka ma ai ƙato ne, Baba. Hotonsa na falo."

Da na san yadda fuskarsa za ta koma da na haɗiye maganar. Ya zauna a bakin gado a hankali, kamar wanda aka ɗora wa ƙofar nan da ta kayar da shi.

"Kina ganin ban san wannan ba? Ni na riƙe masa rigarsa a bakin fili." Ya zaro fensirin daga bayan kunne. "Ba ke kaɗai nake dubawa ba. Gwaggonninki suna da 'yan mata shida a gabansu. Ranar da maganar nan ta fita, sunan gidanmu ya zama gidan masu faɗuwa. Wa zai tsaya ya ji bayanin rabi da rabi? Sati biyar na roƙa, Uwata. In ga an kai ki ɗakinki, sannan in bi su gida gida da ƙafata."

"Asabar saura kwana uku."

"Ciwona ne. Sirrina ne. Mayar."

Na mayar. Na danna katakon ya koma, na zuba fensiran a kai. Maɓalli ɗaya ya gangara ƙarƙashin gado, ba wanda ya bi shi.

Alhamis da sassafe na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda ba ta buƙatar guga, na tafi asibiti ba tare da an ba ni rana ba. Awa uku na yi a kan benci. Na tashi na zauna ya fi sau goma, har wata tsohuwa da ke gefena ta ce, "'Yar nan, ko ƙaya ce a kujerar?" Da aka gama da masu layi likitar ta leƙo ta gan ni.

"'Yar kafinta. Shigo."

Ban ko zauna daidai ba na zazzage mata komai. Na ajiye wayata a kan teburinta da lambar Dogo a buɗe.

"Likita, ki kira shi. Ke zai ji maganarki. Ba sai kin faɗi sunan kowa ba."

Ta kalli wayar, ba ta taɓa ta ba.

"In ce masa ni wace ce? A ina na samo lambarsa? Kafin in rufe baki ya gane. Mahaifinki ya ba ni amanar jikinsa. Idan na fara buɗe fayil ɗin mutane ba da izininsu ba, gobe wa zai yarda a ɗebi jininsa?"

"To idan ya faɗi fa?"

Ta cire gilashin ta sake shi ya faɗa kan ƙirjinta. Sai a lokacin na lura idonta ya yi zuru-zuru.

"Kina tsammani ban tambayi kaina ba? Sau biyu na kira mahaifinki tun da na ba shi takardun nan. Ya ce mini in sha Allah. Mu kanmu likitoci ba bakinmu ɗaya ba a kan wannan. Wani abokin aikina cewa yake irin wannan sakamako ba na mutum ɗaya ba ne, na gida ne gaba ɗaya, a kira kowa kawai. Wata kuma ta ce ko da wasa. Ni ina tsakiya, kuma tsakiyar ba daɗi. Yanzu da kika zo da maganar Asabar, zan sake kiransa yau, in gaya masa ba sauran lokaci."

"Ba zai canja ba. Na san shi."

Ta juya ta jawo fayil biyu daga kanta, ta ajiye su gefe da gefe. Ta dafa ɗaya.

"Wannan na mahaifinki ne. Ba ni da iko da shi, ke ma ba ki da shi." Ta tura ɗayan gabana. "Wannan na wa?"

Sunana ne a jiki.

"Abin da ke cikin jininki naki ne. Kina da ikon gaya wa duk wanda kika ga dama. In kina so, yanzu in buga miki wasiƙa irin waccan, taki ta kanki."

Na buɗe baki, ta ɗaga yatsa.

"Kada in ruɗe ki. Duk wanda ya ji naki ya san ta inda ya biyo. Ba dabara ba ce ta kewaye mahaifinki, zai ji ciwo ko ta yaya. Shi ya sa nake so ki fara gaya masa, ido da ido, kafin ki kai. Sannan wanda za ki aura fa? Ya sani?"

Na sunkuyar da kai.

"Hmm," ta ce. Injin buga takarda ya yi ƙugi ya turo wasiƙar da ɗuminta. "Idan ɗan uwan naki ya yarda, kawo shi gobe kafin sha biyu. Zan nema masa wuri ko a tsaye ne."

Daga asibiti shagon Baba na wuce. Yana goge ƙafar wani tebur da samfefa, wayarsa na kife a kan benci. Na gane likita ta riga ta kira.

"Baba, ban taɓa durowarka ba, ba kuma zan taɓa ba. Wannan tawa ce, da jinina aka rubuta ta. Gobe da safe zan kai wa Dogo."

Bai ɗago ba. Samfefar na ta kai da komo a wuri ɗaya, wurin da ya riga ya yi sumul.

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

"Katin da kika buga da hannunki."

"Na sani, Baba."

Ya hure garin katakon, ya shafa wurin da babban yatsa. "Kin girma," ya ce. Har yau ban san yabo ne ko faɗa ba.

Umma kuwa da ta ji, kuka ta sa. "Sati biyar! Ke wace irin yarinya ce da ba za ki iya riƙe bakinki sati biyar ba? Duk kakarki ce ta ɓata ki da surutu." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Can kuma ta buɗe ta ce, "In za ki fita da safe ki sa rigar sanyi." Ta sake rufewa.

Juma'a gari na wayewa na shimfiɗa wasiƙar a kan gado na ɗauki hotonta. Na rubuta wa Lissafi saƙo na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe ga abin da na tura:

"Wani a dangin da takardar nan take faɗa, ni ce. Wata uku ke nan da na sani. Tsoro ya hana ni gaya maka. Yau zuwa azahar Mamanka za ta ji a kasuwa, na fi so ka ji daga gare ni. Duk ɗan da zan haifa, rabi da rabi ne. Ka fi ni sanin lissafin."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina. Na jefa wayar cikin jaka na fita.

A filin wata makaranta Dogo yake atisaye. Tun daga nesa na hango shi, ya fi kowa tsawo, da wata jar riga da ta jiƙe sharkaf, ya ɗaura tsohuwar jakar makaranta cike da yashi a baya. Na shiga tsakiyar filin da takalmina mai tsini ina ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota.

"Kai! Dogo! Tsaya!"

Ya tsaya yana haki, yana dariya. "Tsohuwa da kanta? Ko angon ya gudu ne kike neman mai kamo shi?"

"Sauke jakar nan."

"Sai kin ce Yaya."

"Yaya, don Allah sauke."

Dariyar ta ɗauke. Shekara ashirin da huɗu yana nema, bai taɓa samu ba. Ya sauke jakar a hankali.

"Wa ya mutu?"

Na ba shi wasiƙar. Ya karanta yana goge gumi da gefen hannu don kada ya ɗiga a kai.

"Wane ne wani a dangin?"

"Ni."

"Ke? Ke da ko mota ba kya bi da gudu?" Ya sake kallon takardar. Na ga lokacin da lissafin ya haɗu a kansa. "Faɗuwar da Baba ya yi a shago. Aka ce mana yunwa ce."

Ya ɗago ya kalle ni.

"Tun yaushe?"

"Wata uku."

"Wata uku kuna kallona ina gudu." Ya ninke takardar ya miƙo mini. "To na gode. Lafiyata ƙalau. In na wuce gobe sai in je."

"Ba ka taɓa jin komai ba? Ka rantse."

Ya kalli gefe, wajen ragar ƙwallo.

"Dogo, ka rantse."

"Sau biyu ne kawai. Na ga duhu, na durƙusa, ya wuce. Rashin karyawa ne."

'Yan uwana, ban san lokacin da na cafki rigarsa ba, da gumin da komai.

"Shekara uku ina neman aikin nan, Tsohuwa. In ban je gobe ba shi ke nan, sai wata shekara, in ma za a sake ɗauka."

"Ka zo a duba ka yau. In ta ce lafiya, ni zan riƙe maka ruwa gobe a bakin fili. In ka ƙi, wallahi nan zan zauna a kan jakar nan, sai dai ka ɗauke mu tare."

Na zauna a kai kuwa. Masu atisaye suka fara tsayawa suna kallo. Ya yi tsaki irin na kakarmu, ya ce, "Tashi, kin tara mini jama'a."

Sha ɗaya da kwata muka isa. Likita ta cika alkawari. Aka shiga da shi ɗakin hoto, ni kuma na koma bencina na jiya. Na duba waya: shiru. Na sake dubawa: shiru. Minti arba'in ya yi a ciki. Da ya fito, jar rigar na hannunsa, ya sa ta a bai-bai, bai ma lura ba.

Likitar ta tsaya a ƙofa, ba ta ce mini komai ba. Nasa fayil ɗin nasa ne. Shi ya faɗa, yana kallon bango.

"Bangon zuciyata ya yi kauri sosai, in ji ta. Ba gudu gobe. Ba gudu jibi." Ya ja wuyan rigarsa. "Ba hular kashe gobara."

Na kai hannu zan taɓa shi, ya janye kafaɗa. A mota ya jingina kai da gilashi, gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba. Mun kusa sauka ya ciro waya ya kira.

"Mama, kina shago? Zauna tukuna, zan gaya miki wata magana. A'a, ki zauna."

Ya kalle ni ta gefen ido. Na ɗaga masa kai. Me ya rage?

Da zai sauka ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje. "Yau ba na son ganinki," ya ce. "Gobe ma. Jibi ki zo da burodi."

Ban koma aiki ba. Na yi ta yawo a titi, na shiga shagon takalma na fito, na shiga na labule na fito, ban san me nake kallo ba. Wayata ta yi ƙara sau tara: Gwaggo Babba, Gwaggo Ƙarama, matar Baffa har sau huɗu. Ban da mutum ɗaya. Sai bayan la'asar na kama hanyar gida.

A falo na tarar da Baba, abin da bai saba ba a wannan lokaci. Ya yi wanka ya sa farar rigarsa ta fita. Durowar nan ya zaro ta ɗungurungum ya ajiye a kan tebur, cikinta na biyu a buɗe. Umma na gefe, idonta jawur.

"Ubansa ya kira ni," in ji Baba. "Ya zage ni tas. Tun muna yara bai taɓa ɗaga mini murya ba." Ya shafa gefen durowar. "Da ya gama kuma ya fashe da kuka, wai in gode miki."

Ina cire takalmi aka yi sallama a ƙofa.

Na san muryar. Umma ta dafe ƙirji. Na buɗe, ga Lissafi tsaye da rigar makaranta, alli a hannun riga, jan biro a aljihu. A hammatarsa kuma kwalin katunan nan ne da ya ɗauka ranar Talata. Zaren da na ɗaure shi da shi ko kwancewa bai yi ba.

Bai tambaye ni kashi nawa ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Umma, ya ajiye kwalin a tsakanin ƙafafunsa.

"Baba, daga wurin Mama nake. Ta ce in zo in..."

"Dakata, ɗana."

Baba ya cire zaren robar, ya zaro wasiƙa ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya miƙa masa da hannu biyu, yadda shi ma ya karɓa.

"Kafin ka faɗi saƙonta, karɓi nawa. Wani a dangin da aka rubuta a nan, ni ne. Daga gare ni ta ɗauko, kuma ni na hana ta faɗa. Ka ji a kasuwa, ka gani a waya, yanzu ka karɓa daga hannun mai shi." Ya juyo ya turo mini sauran huɗun. "Uwata, ɗauko ambulan. Ki rubuta sunana a bayan kowanne, da manyan baƙi."

Na durƙusa a gaban tebur na ɗauki biro, amma idona na kan kwalin da ke ƙasa. Lissafi ya buɗe wasiƙar ya shimfiɗa ta a gwiwa. Ya karanta tun daga layin farko, a hankali, da yatsa, kamar bai taɓa ganinta ba. Da ya kai ƙarshe ya zaro jan biron nan daga aljihu, ya juya bayan takardar, ya cire marfin.

"Baba," ya ce, "ina da tambaya uku. Ta farko ba kai zan yi wa ba."

Ya juyo ya kalle ni.